DARASIN KIWO: Abincin akuya da tunkiya masu shayarwa, tsakanin hatsi da dusa



Yau za mu ɗan ajiye kaji da tarwaɗa mu leƙa turke. Da yawa daga cikinku, musamman iyayenmu mata na Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, kuna haɗa kiwon kaji da awaki biyu ko uku a tsakar gida. Tun lokacin da gwamnatin Badaru Abubakar ta riƙa raba wa mata awaki don su juya, kiwon ya ƙara shiga gidaje. Tambayar da ta fi zuwa min kuma kusan iri ɗaya ce: akuya ta haifi tagwaye, ana ba ta dusa safe da yamma, amma ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, 'ya'yan sai kuka, ɗaya ma ya mutu kafin wata guda. Sai mai tambayar ya rufe da cewa, "Ko dai in ƙara mata dawa ne?"

A mafi yawan lokuta ba dawa ce ta yi mata ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sinadarin gina jiki, wato furotin, kuma hatsi ba shi da shi da yawa. Bari mu bi lissafin a hankali.

Jar akuyar nan tamu, wadda ake kira jar Sakkwato ko ta Maraɗi, idan ta girma nauyinta yakan kama tsakanin kilo 20 zuwa 30. Mu ɗauki mai kilo 25. Ko ta kai ƙarshen ci, busasshen abincin da cikinta zai ɗauka a wuni bai wuce kusan kilo 1 ba. Mai shayar da tagwaye kuma tana buƙatar furotin ya kai kashi 14 zuwa 16 cikin 100 na abin da take ci, wato kusan giram 150 a kullum. Dusar masara tana da kusan kashi 10 cikin 100. Ke nan sai ta cinye kilo ɗaya da rabi na dusa zalla kafin ta samu wannan adadin, kuma ba za ta iya ba. Karan dawa busasshe kuwa bai fi kashi 4 ba, sai ta ci kusan kilo 4. Kun ga inda matsalar take. Cikinta a cike yake, amma nonon da 'ya'yan suke tsotsa daga naman jikinta take ciro shi.

Nono yana kaiwa ƙololuwarsa ne a makonnin farko bayan haihuwa, a daidai lokacin da cin abincin uwar bai gama dawowa ba. Makonni shida zuwa takwas na farko su ne suke yanke hukunci. Idan an riƙe ta da kyau a nan, za a yaye 'ya'ya a wata uku, ta sake ɗaukar ciki, ta yi wata biyar ta haihu. Wata uku da wata biyar, wata takwas ke nan, haihuwa uku a shekara biyu. Idan kuma aka bari ta zube, sai ta daɗe ba ta nemi bunsuru ba, a koma haihuwa ɗaya a shekara. Asarar ba ta tsaya kan ɗan akuyar da ya mutu ba, har da cikin da ba a samu ba.

To ina amfanin hatsi? Yana da shi. Hatsi ƙarfi yake bayarwa, kuma mai shayarwa tana buƙatar kusan ninki biyu na ƙarfin da take buƙata lokacin da ba ciki ba goyo. Masara ce ta fi ƙarfi, amma furotin ɗinta kashi 8 zuwa 9 ne kawai. Dawa tana bin ta a ƙarfi, furotin kusan kashi 10. Farfara da kaura sun fi jar dawa mai ɗaci-ɗaci narkewa, saboda wani sinadari da ke ɓawon jar yana riƙe furotin ya hana jiki amfana da shi sosai. Gero ya ɗan fi su furotin da maiƙo, sai dai a Jigawa gero abincinmu ne, fura da tuwo da kunu duk shi ne, ban ga dalilin da zai sa a raba yara da shi a zuba wa akuya ba. Ni a ganina, duk wanda ya fi araha a kasuwar Shuwarin ko Gujungu a makon da ka je, tsakanin masara da dawa, shi za ka ɗauka. Bambancinsu a jikin akuya bai kai bambancin kuɗinsu ba.

Alkama ce kawai zan ja kunne a kanta. Masu noman rani na wajen Ringim da Haɗeja sukan samu tsakin alkama da karyayyiya su ce a ba dabbobi. Alkama ta fi sauran saurin ruɓewa a tumbi, don haka ta fi su saurin kawo matsala.

Tumbin akuya ba irin cikin kaza ba ne. Cike yake da ƙananan halittu waɗanda aikinsu narkar da ciyawa. Idan hatsi ya shigo da yawa lokaci ɗaya, sai ya yi tsami a ciki, tsamin ya kashe waɗannan halittun. Akuya ta daina tuƙa, gefen cikinta na hagu ya kumbura, ta kama zawo mai warin tsami, ta riƙa tangaɗi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ana iya rasa ta. Kuma ba hatsi a buhu kaɗai ke yin wannan ba. Ragowar tuwo da ƙanzo da shinkafar biki da ake juyewa gaban dabbobi duk abu ɗaya ne. Ku masu kaji, abincin kajinku ya fi komai haɗari, domin yawancinsa masara ce niƙaƙƙiya. Akuya ɗaya ta faɗa ɗakin ajiya ta samu buhu a buɗe, an gama. A sa wa ƙofar sakata. Idan abin ya riga ya faru, a janye duk wani hatsi da dusa, a bar mata busasshiyar harawa, a dama bekin soda kamar babban cokali ɗaya a ruwa a ɗura mata a hankali kada ta shaƙe, sannan a nemi likitan dabbobi ba tare da jiran gobe ba.

Abu na gaba: kada a niƙe wa akuya hatsi ya zama gari. Tana tauna da kyau. Barzawa ta isa, ko ma a ba ta shi ɗungurungum. Gari ya fi saurin tsami a tumbi, ga kuɗin inji a banza.

Yanzu mu zo kan dusa, domin a nan ne ake cutar mutane a kasuwa. Sunan ɗaya ne, amma kayan ba ɗaya ba ne.

Dusar surfen gida, ta gero ko dawa ko masara, tana da kyau, domin takan fito da ɗan tsaki da ƙwayar hatsi a ciki. Ƙasarin da ake wanke surfe da shi ma kada a zubar, a ba su tun bai kwana ba. Idan dusar jiƙaƙƙiya ce aka ƙulle ta a buhu, kwana biyu sai ta yi zafi ta fara fumfuna. A baza ta ta bushe tukuna.

Dusar alkama, irin wadda ake kawowa daga kamfanonin fulawa, ita ce sarauniyar dusa wajen mai shayarwa. Furotin ɗinta yakan kai kashi 15 zuwa 17, dabbobi suna son ta, tana kuma sassauta ciki, abin da akuya ke buƙata a kwanakin farko na haihuwa. Tsadarta ce matsala, musamman idan babbar Sallah ta matso masu turkar raguna suka shigo kasuwa.

Dusar shinkafa ita ce mai rikici. Jigawa ƙasar shinkafa ce, daga fadamun Haɗeja da Auyo har zuwa nan tsakiya, saboda haka ita ce ta fi yawa kuma ta fi araha. Amma abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Akwai asalin dusar, mai laushi kamar gari, mai maiƙo idan ka murza, wadda ke fita lokacin goge shinkafa. Wannan tana da furotin kusan kashi 12 da mai mai yawa. Akwai kuma buntu, ɓawon waje mai kaifi, wanda furotin ɗinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba, sauran duk ƙaiƙayi ne mai tauri da sinadarin yashi da tumbi ba ya iya narkarwa. Ƙananan injinan casa na ƙauye da yawa suna fitar da su biyun a haɗe, kuma buntun ne ya fi yawa. Wasu 'yan kasuwa ma niƙa buntu suke yi ya yi laushi su cakuɗa da dusar masara. Gwajin ba wuya: ɗebi tafin hannu ka zuba a kofin ruwa ka juya, ka ga yawan ɓawon da zai rabu da garin. Ko ka murza tsakanin yatsu, idan yana sukar ka kamar ƙaya, buntu ka saya. Mai kyan ma ba ta jure ajiya, man da ke cikinta yana sa ta canza wari cikin makonni kaɗan a zafin bazara. Ni ba na wuce kashi ɗaya cikin biyar na haɗi da ita.

Duk waɗannan dusoshin, ban da ta alkama, suna yawo ne a kashi 10 zuwa 12. Ba za su kai mu 16 ba sai an kawo wani abu mai nauyi. A nan ne gyaɗa ke shigowa. Tunkuza ko ƙuli, abin da ya rage bayan an matse mai, yana da furotin sama da kashi 40. Wato kilo ɗaya na ƙuli ya yi kilo huɗu na dusar masara a wannan fannin. Mutane suna gudun sa saboda tsada, amma ga yadda nake lissafi: a ce kilon ƙuli ya ninka kilon dusa sau uku a kuɗi. Tunda ya ninka ta sau huɗu a furotin, shi ne mai arahar. Ku daina auna abinci da girman buhu, ku tambayi kanku nawa kuke biya kan abin da kuke nema a cikinsa. A nemi wanda ba a sa wa yaji da sukari ba, a daka shi. Tunkuza ɗanya kuma a shanya ta ta bushe ƙarau.

Gyaɗa tana da nata haɗarin, kuma masu kaji sun san shi: gubar fumfuna, wadda ake kira afulatoksin. Tana kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. A mai shayarwa abin ya fi muni, domin gubar tana ratsawa ta fito a nono, ta shiga cikin ɗan akuya, ta shiga cikin yaron gidan idan ana tatsa. Ƙulin da ya yi kore-kore ko baƙi-baƙi ko yake warin rima, a binne shi. Soyawa ko shanyawa ba sa kashe ta.

Wanda bai samu ƙuli ba yana da wasu ƙofofin. Dusar awara, wadda masu awara ke tacewa su zubar ko su sayar da arha a kusan kowace unguwa a Dutse, idan ta bushe furotin ɗinta yana kai kusan kashi 25. Sai dai a jiƙe yawancinta ruwa ne, kuma kwana ɗaya take yi ta yi tsami. A karɓo da safe a bayar a ranar, ko a baza ta siriri a rana. Angurya da dusarta da ake matse wa mai suna da kyau ga babbar akuya, furotin sama da kashi 20, amma akwai wata guba a cikinsu da tumbin babba ke iya kashewa, na ƙarami bai iya ba. Kada 'yan awakin da ba su kai yaye ba su sa baki a komin da aka zuba ta, kaji ma haka. Masu riɗi na wajen Gagarawa da Maigatari, tunkuzar riɗi ma tana aiki irin na gyaɗa.

Wasu suna tambaya ta kan kashin kaji, sun ji ana busar da shi a ba shanun turka. Ana yi, amma ban yarda a ba mai shayarwa ba. Ragowar magungunan kaji na ciki, kuma gawar ɗan tsako ɗaya da ta ruɓe a ciki ta isa ta kashe dabba. A kai shi gona, can ne wurinsa.

Duk wannan haɗin ƙari ne. Ginshiƙin abincin akuya harawa ce, ita ce za ta ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na abin da take ci. Harawar wake da ta gyaɗa suna da furotin tsakanin kashi 10 zuwa 15, gwargwadon yawan ganyensu, kuma kusan duk amfanin a ganyen yake. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga dammunan harawa a kan soro ko a reshen bishiya tun daga kaka har bazara, rana ta ƙone su sun yi fari, iska ta kakkaɓe ganyen, saura itace. A ɗaure ta tun tana kore, a sa ta a inuwa, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara. Wanda zai saya ya saya a Oktoba ko Nuwamba, domin daga Maris zuwa faɗuwar ruwa kuɗinta ba ya taɓuwa. Kowar wake ma a tara ta lokacin sussuka. 'Ya'yan gawo kuwa kyauta ce daga Allah, suna zubowa a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, kuma furotin ɗinsu ya fi na dusar masara. A aiki yara su tsinto, a ɗan daddaka su saboda ƙwayar tana da tauri, in ba haka ba haka za ta fito a kashi.

Harawa tana wani aikin da ba a cika lura da shi ba. Dusa da hatsi suna da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali jiki yana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras. Nono kuma kalsiyam yake zuƙa. Harawar wake da ta gyaɗa suna cike wannan giɓin. Idan harawa ta yi ƙaranci, laimiston ɗin da kuke sa wa kajin ƙwai shi ne maganin. Wannan rashin daidaiton ne ma yake sa ragon turka da aka ɗirka wa dusa zalla fitsari ya ƙi fita, amma wannan darasin wata rana ne.

Ga haɗin da nake ba mutane, na kilo 10:

Dusar masara ko ta gero, kilo 4 da rabi
Dusar alkama, kilo 2 da rabi
Barzajjiyar dawa ko masara, kilo 1 da rabi
Dakakken ƙuli, kilo 1 da giram 300
Laimiston, giram 100
Gishiri, giram 100

Wannan yana ba da furotin kusan kashi 16. Ku lura hatsin bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Idan babu dusar alkama, a maye ta da dusar masara ko dusar shinkafa mai kyau, a ɗaga ƙulin zuwa kusan kilo 1 da giram 700. Mai ɗa ɗaya a ba ta giram 300 a wuni, mai tagwaye giram 400 zuwa 500, a raba biyu, safe da yamma, kuma a fara zuba harawa kafin haɗin. Tunkiya ta fi akuya jiki, Balami da Uda sun fi 'Yankasa, sai a ƙara gwargwadon girmanta. Kada ku dogara da kwano ko mudu kai tsaye, dusa ba ta da nauyi, kwanonta da kwanon dawa ba ɗaya ba ne. Ku ɗora gwangwanin da za ku riƙa aunawa da shi kan sikelin kaji sau ɗaya, ku san giram nawa yake ci, shi ke nan.

Ba ranar haihuwa ake fara wannan ba. Yawancin girman ɗan da ke ciki yana faruwa ne a makonni shida na ƙarshe. A fara da tafin hannu ɗaya a lokacin, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ta yadda ranar da za ta haihu tumbinta ya riga ya saba, hantsarta ta cika, dakashi ya samu. Ɗan akuya ya sha dakashin nan cikin sa'o'in farko, shi ne rigakafinsa. Duk wani canjin abinci kuma, ko daga dusar gero zuwa ta masara ne, a yi shi cikin mako guda ana cakuɗawa.

Ruwa fa. Nono kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne. A zafin Afrilu na Dutse mai shayarwa tana iya shan lita 5 ko fiye a wuni. Akuyar da ake ba ruwa sau ɗaya da yamma, ko ka ba ta ƙuli buhu guda nononta ba zai kawo ba. Kanwa 'yar kaɗan a ruwan, kamar yadda iyayenmu ke yi, ba laifi, amma ba ta maye gurbin gishiri da laimiston. Idan kun ga akuya tana lasar bango tana cin leda da tsumma, sau da yawa gishirin ne ta rasa, kuma ledar nan ba ta fita daga tumbi sai da wuƙa.

Yadda za ku gane ko abincin yana aiki: ku ɗora hannu a gadon bayan uwar, bayan haƙarƙari na ƙarshe. Idan ƙashin yana sukar hannu kamar bakin zarto, tana cin jikinta, a ƙara. Ramewa kaɗan a watan farko ba abin tsoro ba ce. Su kuma 'ya'yan a auna su duk mako, a sa a jakar buhu a rataya a sikeli. Ɗan jar akuya yakan zo duniya da kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma idan nono ya wadata ya kamata ku ga ƙarin kusan giram 400 a mako. Idan ana ciyarwa yadda ya kamata amma uwar ba ta murmure ba, ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba. In ta yi fari fat, tsutsar ciki ce ke shan jininta, abinci ba zai yi magani ba sai an ba ta na tsutsa. Rigakafin PPR, mai sa majina da zawo, shi ma a tuntuɓi ma'aikatan dabbobi na ƙaramar hukuma a yi wa garken duka.

Daga mako na biyu zuwa na uku 'yan awakin za su fara tsakurar abinci. A yi musu ɗan shinge mai ƙaramar ƙofa da uwar ba za ta iya shiga ba, a ajiye musu ganyen harawa mai laushi da ɗan haɗin nan, muddin babu angurya a ciki. Wannan ne ke gina tumbinsu, ya kuma rage wa uwar nauyi. Bayan mako na takwas nono ya fara ja baya, sai a riƙa rage wa uwar haɗin a hankali ana mayar da shi gaban 'ya'yan. Mako guda kafin yaye a tsayar mata da shi gaba ɗaya, a bar ta da harawa da ruwa, don hantsar ta bushe ba tare da ta kumbura ta yi ciwo ba.